Tsohuwar mota a zafin Sakkwato: abin da za ka duba da kanka kafin ka kira bakanike

Salamu alaikum 'yan'uwa. Shekara shida ke nan ina jan Corolla 'yar 2004, kwatano na saye ta, kafin ita kuma na riƙe Peugeot 406 har shekara huɗu. Ni ba bakanike ba ne, amma duk wanda ke da tsohuwar mota a garin ga dole ya koyi wasu abubuwa da hannunshi, don mota ba ta zaɓen wurin lalacewa, kuma yadda kayan gyara sunka yi tsada yanzu ba kowa ke iya canza abu don kawai an ce mishi a gwada a gani ba.

Abin da ya sa na fara koyo, wata rana bayan la'asar a hanyar Wamakko na tsaya sayen kankana, na dawo mota ta ƙi tashi. Anka kira min wani mai gyara, ko bonet bai buɗe da kyau ba ya ce famfon mai ne. Munka saye, anka ɗaga kujerar baya anka sa, mota ta ce ba ta san zancen ba. Sai bayan magariba wani yaro rewaya ya zo da 'yar fitilar gwaji ya gano fiyus ne ya ƙone, abin da kuɗinshi bai kai na kwanon fura ba. Abin ya ci min rai ƙwarai, don famfona na asali lafiyarshi lau anka cire shi. Tun daga ranar na riƙe ƙa'ida guda, komi motar ta yi ina farawa daga abin da dubawarshi ba ta cin ko sisi, sannan in hau zuwa mai tsada.

Kayan da za ka ajiye a but ba su da yawa. Sifana lamba 10, 12 da 14 in Toyota ko Honda gare ka, in Peugeot ce ko Golf ka ƙara da 13. Filaya, sukudireba mai baki ɗaya da mai baki huɗu, wayar jamfa mai kauri, tocila, sandfefa, tsumma, fiyus na safaya kala-kala, galan ɗin ruwa, da 'yar mitar auna wuta wadda masu gyaran waya ke aiki da ita. Mitar ga ita ce ta fi komi amfani a wurina.

To in ka murɗa makulli mota ta ƙi tashi, kada ka yi ta murɗawa, tsaya ka saurari abin da take faɗi. In shiru kake ji, dashbod babu wuta ko wutar ta yi dishi-dishi, je ka kan batir. Sau da yawa za ka tarar da wani farin gari ko shuɗi-shuɗi ya taru a kai, ko kan ya yi sako-sako har kana iya juya shi da hannu. Kwance na baƙi tukun, wato mai alamar ragi, sannan na ja, don in ka fara da ja sifana ta taɓa ƙarfen mota wuta za ta tashi. Zuba ruwan zafi ya wanke garin, goge da sandfefa har ƙarfen ya yi haske ciki da waje, mayar da na ja, sannan na baƙi, ka ɗaure tamau ka shafa ɗan giris. Ka bi baƙar wayar nan har inda ta kama jikin mota ka ga ko ta yi tsatsa, nan ma wurin yana yaudarar mutane.

Sai ka sa mita. Batir mai lafiya da ya kwana bai yi aiki ba yana ba da wajen 12.6, in ka ga 12.2 ya sha rabi, in ya sauka ƙasa da 12 ya yi sanyi sosai. In mota ta tashi ka sake aunawa, ya kamata ka ga tsakanin 13.8 zuwa 14.5, wannan shi ke nuna altaneta na caji. In lambar ba ta motsa ba daga 12 da 'yan kai, ko fambel ya saki ko altaneta ta gaji, kuma ko sabon batir ka saye kwana biyu zai yi ya mutu. Don Allah ɗan'uwa kada ka yarda da gwajin nan da ake yi na cire kan batir mota na aiki wai a ga ko za ta mutu. A tsoffin motoci masu kafireto an yi shi an wuce, amma mota mai birenbos, wato kwamfutar da ke sarrafa inji, wutar na iya tsalle ta ƙone shi, kuma birenbos ba abin wasa ba ne a kuɗi.

Zafinmu na Maris zuwa Mayu da ke haura digiri 40 shi ke cinye batir, yana busar da ruwan ciki. In batir ɗinka mai murafu ne ka riƙa buɗewa duk wata, in ruwan ya sauka ƙasa da farantan ciki ka ƙara ruwan batir tatacce, ba asid ba, ba kuma ruwan famfo ba.

In kuwa ƙas-ƙas-ƙas kake ji da sauri, batir ne ya yi rauni, jamfa za ta tashe ta. Ja zuwa ja, baƙi daga batir mai kyau zuwa wani ƙarfe a jikin injinka nesa da batir. In ƙas guda ɗaya kake ji kuma fitilun gaba na haske tar, kik ne, wato abin da ke juya inji ya tashi, ke maƙalewa, ka sa wani ya murɗa makulli kai kuma ka ɗan ƙwanƙwasa jikin kik ɗin da wil sifana, sau da yawa yana tashi ya kai ka gida, amma ka sani burushin ciki sun cinye, ba zai daɗe ba. Mai otomatik ya gwada sa giya a N ya murɗa, wani lokaci makunnin da ke jikin giyar ne ke wasa. Turi kuma na mai kuloci ne, giya ta biyu. Otomatik ba ta tashi da turi, kada ka wahalar da yaran unguwa.

Na uku shi ne inji na juyawa da ƙarfinshi amma ya ƙi kamawa. Nan ko mai ne bai zuwa ko wuta. A 406 da Honda in ka murɗa makulli zuwa inda fitilun dashbod ke kamawa za ka ji wani zuuu na daƙiƙa biyu daga baya, famfon mai ke nan. A Toyota da yawa na lokacin tawa famfon bai tashi sai ana kik, don haka ka buɗe murfin tanki ka sa wani ya kasa kunne kai kana murɗawa. In ba a ji komi ba, kafin kowa ya ambaci famfo buɗe akwatin fiyus da ke cikin bonet, a bayan murfin akwai zanen da ke nuna kowane, a Toyota ka nemi mai suna EFI. Zaro shi ka ɗaga a haske, in zaren ciki ya tsinke ka sa wani mai lamba iri ɗaya, 15 a wurin 15, 20 a wurin 20. Kada ka naɗa waya ko takardar sigari a madadin fiyus, haka motoci ke kamawa da wuta. In sabon ya sake ƙonewa nan take akwai wayar da ta goge tana taɓa ƙarfe, wannan aikin rewaya ne. Rile ma kana iya gwada shi, in na hon iri ɗaya ne da shi, lamba ɗaya, ka musanya su ka gani.

Wani abu game da famfon mai, tun da anka cire tallafi a 2023 yawancinmu lita biyar lita bakwai muke sha, allura kullum a ƙasa. Famfon a cikin tanki yake kuma man ne ke sanyaya shi, in kullum tanki a bushe a wanga zafi zai mutu da wuri. In da hali kada ka bari ta sauka ƙasa da kwata. Man 'yan bumburutu kuma in dole ta sa ka saye, ka tace da kyalle mai tsabta.

Yanzu ga babbar magana, zafin inji. A ganina abin da ke kashe injin tsohuwar mota a Sakkwato ya fi yawa ta nan. Ka saba wa idonka da kallon allurar zafi awa yadda kake kallon ta mai. In ka ga ta haura rabi tana tafiya sama, kashe AC, kunna hita har ƙarshe da fankarta, na san a zafin Afrilu wanga azaba ce amma hita na janye zafi daga inji, ka samu inuwa ka faka ka kashe mota. Ɗaga bonet ka jira aƙalla rabin awa. Kada ka buɗe murfin lagireto da zafi, ruwan ciki na ƙarƙashin matsi kuma ya wuce zafin tafasa, zai yi tsalle ya ɗaye maka fuska da hannu, na ga wanda abin ya sama kuma har yau tabon na nan. Kada kuma ka kwara wa inji ruwan sanyi a kai, top silinda na iya lanƙwasa ko ta tsage.

In ya huce, sa tsumma ka buɗe a hankali. In ruwa ya ragu sai ka nemi inda yake bi. Dubi tiyo na sama da na ƙasa, matsa su da hannu, wanda ya yi laushi awa burodi ko ya kumbura ko ya yi tauri yana tsattsagewa ya gama aiki. Dubi bakin kilif, dubi inda robar lagireto ta haɗu da ƙarfe, dubi ƙarƙashin wata famfo ko akwai alamar ɗiga. Sannan murfin lagireton kanshi, mutane na raina shi, alhali shi ke riƙe matsin da ke hana ruwa tafasa a digiri 100 ya kai shi wajen 120. In robarshi ta tsage canza shi, ka duba lambar da ke rubuce a kai, 0.9 ko 1.1, ka sayi irinta. Ni da murfi kawai na taɓa magance zafin da anka ce min sai an sauke lagireto.

Sai fanka. Tada mota ka kunna AC, fankokin gaba ya kamata su tashi. In ba su tashi ba koma ga fiyus da rile tukun. Motar da ke zafi a go-sulo na kasuwa amma in ta hau titi ta sauka, kusan kullum fanka ce. Wadda ke lafiya a cikin gari amma ta yi zafi a doguwar hanya, Gusau ko Birnin Kabi, sai ka zargi lagireto ya toshe. Leƙa ta gaba ka ga ƙura da ƙwari da leda da sunka liƙe, ka wanke da ruwa marar ƙarfi daga ɓangaren inji zuwa waje, kada mai wankin mota ya sa mishi injin feshi kusa-kusa, yana kwantar da haƙoran.

Maganar ruwan da ake zubawa kuma, ka leƙa cikin butar mai shayi ka ga farin abin da ke kamawa a gindinta. Ƙasarmu mai farar ƙasa ce, ita ce ma ake haƙa ana siminti a Kalambaina, to abin da ruwan rijiya da na burtsatse ke yi wa buta shi yake yi wa ƙananan hanyoyin lagireto, ga tsatsa a kai. Ka sayi kulan, ruwan nan mai kala, shi ke hana tsatsa. In kana hanya ya ƙare ka zuba ruwan da ka samu ka isa gida, amma daga baya a zubar a sa na kirki.

Akwai al'adar da nake so mu bari, cire tamostat, wato ɗan bawul ɗin da ke buɗe wa ruwa hanyar lagireto in inji ya yi zafi, da haɗa fanka dairek ta riƙa juyawa ba tsayawa. Da mota ta fara zafi sai a ce ai wanga na ƙasar sanyi ne, a cire a jefar. Tamostat shi ke sa inji ya kai zafin da anka ƙera shi ya yi aiki a kai, in babu shi da safe, musamman da hunturu, inji na daɗewa bai ɗumama ba, birenbos na ta ƙara mai, ka ga mota na shan mai kana mamaki. Kuma ainihin abin da ya kawo zafin, toshewa ko yoyo, yana nan ba a taɓa shi ba. In kana zargin tamostat ya maƙale, cire shi ka jefa a tukunyar ruwa a kan wuta, kafin ruwan ya tafasa ya kamata ka ga ya buɗe, a jikin na Toyota za ka ga an rubuta 82. In bai buɗe ba ka sayi wani ka mayar.

Inda hannunka zai tsaya shi ne gaskit ɗin top silinda. In ruwa na raguwa kullum ba ka ganin yoyo, ko ka tada mota da sanyi murfi a buɗe ka ga kumfa na ta tasowa ba ta tsayawa, ko baƙin mai ya koma kalar shayi mai madara, ko salansa na fitar da farin hayaƙi mai kauri bayan inji ya yi zafi, to gaskit ya tafi. Kada ka ƙara ko kilomita ɗaya, a ja ta zuwa gareji. Tunda na ambaci hayaƙi, shuɗi baƙin mai ne ke ƙonewa, baƙi kuma fetur ne ya yi yawa ko iska ta yi kaɗan.

Iskar ga ita ce ta kai mu ga ƙura. Daga Disamba zuwa Fabrairu in hazo ya sauka, iya kilina, wato matatar iskar inji, na cika cikin 'yan makonni. Kilif biyu ne ko sukuru huɗu, buɗe ka zaro, ka bubbuga a hankali, ka ɗaga wa rana, in haske bai ratsa shi ba canza. Ba a wanke na takarda da ruwa ko fetur, kuma wallahi kada ka bari a ce maka a cire a yi tafiya haka, ƙurar nan yashi ce, kai tsaye za ta shiga ta cinye ringi. Bayan akwatin akwai 'yar na'ura mai soket da ke auna iska, a cikinta akwai siririyar waya, kada ka taɓa da yatsa ko tsumma, feshinta daban ake sayarwa.

In mota na rawa a tsaye ko tana misin in ka taka, kuma fitilar cek ta kama, nan 'yar na'urar OBD2 ke da rana. Ƙarama ce, ana soka ta ƙarƙashin sitiyari ta haɗu da wayarka ta Bluetooth, ta nuna maka lambar matsalar. Motocin Amurka daga 1996 suna da wurinta, na Turai masu fetur daga 2001. In ta nuna P0301 silinda ta ɗaya ce ke misin, P0302 ta biyu, haka har huɗu. A Corolla irin tawa kowace silinda da kwayil ɗinta, to sai ka ɗauke kwayil na ɗaya ka kai na biyu, na biyu ka kawo na ɗaya, ka goge lambar ka zagaya unguwa. In ta koma P0302 ka kama ɓarawo, kwayil guda za ka saye maimakon huɗu. In ta tsaya a P0301 zaro filogi ka duba. Bakinshi in ruwan ƙasa ne lafiya, baƙi busasshe mai ya yi yawa, jiƙe da baƙin mai kuma matsalar ta fi filogi. Filogi ana kwance shi inji da sanyi, kuma wurin mayarwa ka fara murɗawa da hannu har ya zauna kafin ka sa sifana, in ka ci zaren top silinda ka jawo wa kanka babban aiki. P0171 na nufin iska ta fi mai yawa, ka bi tiyon iska ka nemi tsaga kafin a ce maka nozul. Fitilar cek in tana ƙyaftawa ba a tsaye take ba, rage gudu ka nemi wurin tsayawa.

Baƙin mai ka auna da safe a wuri mai daidai, zaro sandar ka goge ka mayar ka sake zarowa, ya tsaya tsakanin alamomin biyu. Ni a ƙurarmu ba na wuce kilomita 5,000 ban juye ba, tare da filta, kuma galan a rufe nake saye ba na awo ba. Jar fitila mai kamar buta in ta kama kana tafiya, kashe inji a wurin. Mai 406 kuma, in ka saye ta ba ka san yaushe anka canza taimin bel ba, canza shi a makon farko, don in ya tsinke bawul na lanƙwashewa. Corolla daga 2003 sarƙa gare ta, ita ba ta da wanga tsoro.

Taya ma kwatano muke saye mafi yawa, to ka koyi karanta shekarunta. A gefe bayan rubutun DOT akwai lamba huɗu, 2319 na nufin mako na 23 a 2019. Wadda ta haura shekara shida ko haƙoranta na da kyau ni ba na hawa kwaltar rana da ita. Iska kuma ka duba takardar da ke liƙe a jikin ƙofar direba, yawanci 30 zuwa 33 ne, masu faci da yawa 45 suke bugawa in ba ka yi magana ba. Ka auna da safe kafin taya ta yi zafi, har da safaya. In za ka canza taya sassauta notuna mota na ƙasa, sa dutse a bayan wata tayar, kuma kada ka taɓa shiga ƙarƙashin motar da jak kaɗai ke riƙe da ita, balle a kan rairayi.

Birki iyakarka da shi dubawa. Leƙa robar man birki, in ya sauka kaɗan-kaɗan cikin watanni fad ne ke cinyewa, in ya sauka da sauri akwai yoyo, ka duba bayan kowace taya ko ta jiƙe. Lambar man na rubuce a murfin, DOT 3 ko DOT 4, ita za ka saye. In ka taka ka ji ƙarar ƙarfe na cin ƙarfe, ko feda na nutsewa a hankali har ƙasa kana riƙe da ita, ranar motar ba ta ɗaukar iyali, ka kira bakanikenka ya zo ya same ta a gida, kuma duk abin da ya cire ka ce ya ba ka tsohon a hannu ka gani.